Jinin da Aka Saka wa Kafinta

Sufeton 'yan sanda bai gama rataye hularsa ba wata mata ta faɗo ofishinsa, idanunta a kumbure, hannunta damƙe da wani ɗan kati da ya koɗe.

"Yallaɓai, sun kashe min miji a asibiti."

Ya nuna mata kujera. Ta ƙi zama.

"Su wa?"

"Da na sani ai da ba nan zan fara zuwa ba."

Mijinta kafinta ne, gyambon ciki ya daɗe yana damunsa. Jiya da safe ya yi aman jini a shagonsa, aka kwashe shi zuwa babban asibiti. Likita ya ce jininsa ya yi ƙasa, sai an yi masa ƙari. Ana saka masa ledar jinin ya fara rawar sanyi, yana cewa bayansa kamar ana sara da gatari. Fitsarinsa ya koma baƙi. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

"Sun ce min ƙaddara ce," in ji ta. "Na yarda da ƙaddara. Amma duba nan."

Ta ajiye katin a kan tebur. Katin masu ba da gudummawar jini ne, da hoton mamacin yana murmushi. A gefe an rubuta rukunin jininsa, O.

"Shekara da shekaru yana zuwa yana ba wa mutane jininsa kyauta. Ledar da aka rataya masa kuwa, da idona na ga B a jikinta. Ban yi dogon karatu ba, amma na san O, na san B."

Sufeto ya sake ɗaukar hularsa. Ya leƙa waje ya ƙwala wa Sajan kira.

Ɗakin gwaje-gwajen asibitin, wanda kowa ke ce wa lab, yana ƙarshen wani dogon baranda. A ƙofarsa akwai kanta, a kan kantar akwai faffaɗan tire cike da 'yan kwalaben jini, kowace an liƙa mata guntun filasta an rubuta suna, an tura fom ɗinta a ƙarƙashi.

Shugaban lab ɗin siririn dattijo ne mai gilashi rataye da zare. Bai jira an tambaye shi ba.

"Na san za a zo, kuma na san a kaina za a sauke. Kullum haka ne. Mu ne a ƙarshen baranda."

"Kai ka gwada jinin kafintan?"

"Na gwada jinin da aka kawo min da sunansa. B ne. Na haɗa shi da ledar B, suka dace, na bayar."

"Matarsa ta ce O ne shi."

"Ni ban ga mutumin ba, Sufeto. Ban taɓa ganin majinyaci ba. Kwalba nake gani da takarda. Kana son ka ga irin takardun da nake aiki da su?"

Ya jawo wani kwali ya zazzage a kan tebur. Fom ɗin neman gwaji ne, tuli guda. Kowanne yana da gurbin suna, shekaru, jinsi, lambar kati, ɗakin da majinyaci yake, abin da ke damunsa, gwajin da ake so, lokacin ɗiban jini, sunan likita da sa hannunsa.

Sufeto ya ɗauki na farko. Suna ɗaya tal, ba na uba. Gurbin shekaru an rubuta "babba".

Ya ɗauki na biyu. Babu lambar kati, babu ɗaki.

Na uku, gwajin juna biyu ake nema, a gurbin jinsi an rubuta namiji.

Sajan ya ɗaga wani ya kara a hasken taga. "Yallaɓai, wannan sa hannu ne ko sauro aka murƙushe a wajen?"

"Ajiye min takarda," in ji Sufeto. Kansa ya fara sara. "Malam, me ya sa kuke karɓa in ba a cika ba?"

"In na mayar, a ce na hana mara lafiya magani. In na karɓa, ga ka nan tsaye a kaina. Na rubuta wa hukumar asibiti har na gaji. An yi taro, an sha ruwa, an watse."

"Ina fom ɗin kafintan?"

"Likitan ɗakin gaggawa ya aiko aka karɓa da yamma. Wai zai sa a fayil."

"Yaya fom ɗin yake lokacin da ya zo maka?"

"Suna ɗaya, irin sunan da in ka kira a kasuwa mutum goma za su waiwayo. Sai wani karce da ban iya karantawa ba. Ajiye shi na yi a tire, har sai da likitan ya bugo waya yana min masifa, wai ƙarin jini za a yi, me nake jira."

Likitan ɗakin gaggawa matashi ne, rigarsa a yamutse, idanunsa jawur. Ya miƙo fayil ɗin yana kallon agogo.

"Ina da marasa lafiya, Sufeto."

"Ni kuma ina da gawa. Zauna."

Fom ɗin kafinta yana saman fayil. A cike yake taf, kowane gurbi da rubutunsa. Sufeto ya daɗe yana kallonsa.

"Yaushe ka cika wannan?"

"Lokacin da na ɗibi jinin."

"A ina ka ɗiba?"

"A nan ɗakin gaggawa, yana kan gadon da ake turawa."

"An riga an ba shi gado a ɗakin maza?"

"A'a, sai daga baya, da aka sallami wani."

"To ga shi ka rubuta ɗakin maza, har da lambar gado. Duba kake yi, likita? Ka san gadon da za a ba shi tun kafin mai gadon ya tashi?"

Likitan ya jawo fom ɗin ya duba.

"Sunan da baƙin biro ne," in ji Sufeto. "Sauran duk da shuɗi. Kada ka ɓata min lokaci, yau ba ni da haƙuri."

Likitan ya dafe goshinsa. "Bayan ya rasu na cike. Tsoro na ji. Ni kaɗai ne a ɗakin nan jiya, an kawo 'yan hatsarin mota, wani yaro yana suma, shi kuma yana aman jini. Na rubuta sunan da matarsa ta faɗa, na liƙa filasta, na ba masinja. Wa ke da lokacin cike gurbi goma?"

"Yanzu ai ka samu lokaci."

"Amma wallahi daga hannunsa na ɗiba, kuma sunansa na liƙa. Kwalba ɗaya ce a hannuna."

"Sajan, ɗauki bayaninsa a rubuce. Ka tabbata ya sa cikakken sunansa a ƙasa, ba karce ba."

A ɗakin maza, babbar nas ce ta tarbe su. Kowa Mama yake ce mata, har likitoci. Mace ce mai jiki, farar rigarta a goge, biro biyu soke a aljihu.

"Ke kika rataya ledar?"

"Ni ce, ɗana. Na duba sunan jikin ledar, na duba na fayil, ɗaya ne."

"Suna ɗaya kacal ya ishe ki?"

"Abin da aka ba ni ke nan. Ni dai in takarda ta fito daga hannuna, ba ta fita da gurbi a buɗe. Tambayi kowa. Amma ba zan iya riƙe wa likitoci biro ba."

"Kin je lab jiya?"

"Me zai kai ni? Masinja ke kai kwalabe. Tun da na shigo ban bar ɗakin nan ba."

Ta amsa komai a natse, sai dai hannunta bai bar gyara zanen gadon da yake a gyare ba.

Sufeto ya koma lab ransa a jagule. Ya sa aka fito da kwalbar mai sunan kafinta daga firji, aka sake gwadawa a gabansa. B ta sake bayarwa. Aka gwada jinin da aka ɗiba daga gawar. Asalinsa O ne.

"To," in ji Sufeto. "Lab bai yi kuskure ba, likita ya rantse bai yi ba. Jinin da ke cikin kwalbar nan ba na kafinta ba ne. Na waye? Kuma nasa ina ya tafi?"

Ya kama bakin filastar da farce. Ta ɗago ba gardama, gefenta a nannaɗe kamar wadda aka taɓa ɓamɓarewa.

"Wa ke tsaron tiren nan?"

"Akwai ma'aikaciya a kanta."

"Ba ta tashi?"

Dattijon ya gyara gilashinsa. "Ita ce mai ɗiban jinin 'yan waje, ita ce mai raba sakamako, ita ce mai amsa waya. Tana tashi mana."

"Kawo min duk fom ɗin da suka shigo jiya da safe."

Suka zauna su uku suna tonawa. Aikin ya ci musu rabin yini. Babu lokacin ɗiba a yawancinsu, don haka ba a san wanda ya riga wani zuwa ba. Masu sunan kafinta har uku suka samu, babu mai lambar kati ko ɗaya. Sajan ya zagaya ɗakuna neman su, ya dawo yana haki. Ɗaya an sallame shi, ɗaya jariri ne, na ukun babu wanda ya taɓa jin labarinsa.

Sufeto ya buga tebur har kwalabe suka yi ƙara.

"Ɓarawon akuya ma yana barin sawu! Nan asibiti guda, mutum ya mutu, an rasa wanda zai ce min jinin wa aka ɗiba, ƙarfe nawa, wa ya ɗiba. Kowa ya yi karce ya wuce!"

Can dattijon ya ce, "Kafintan nan ka ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai?"

"Shi ya sa za a yi masa ƙari."

Dattijon ya tashi ya buɗe durowa ya zaro wani fom da ya ware daban.

"Wannan tun jiya yake damuna. Saurayi ne, kamfanin sarrafa abinci zai ɗauke shi aiki, suka turo shi gwajin lafiya. Wakilin kamfanin ma yana tsaye aka ɗibi jinin a nan kanta. Ba shi da ciwon hanta, ba shi da komai. Amma yawan jininsa na mutumin da ke bakin mutuwa ne. Na riƙe sakamakon, na kira lambar da ke jiki, wata mata ta ɗauka ta ce za su zo. Shiru."

"Rukuninsa?"

"Ba a nema ba."

"Gwada yanzu."

Bai daɗe ba ya ɗago kai. "O."

Sufeto ya karɓi fom ɗin. Shi kaɗai ne a duk takardun lab ɗin da aka cike tun daga sama har ƙasa, da rubutu mai kyau zagaye-zagaye, har da unguwa da kwatancen gida.

"Yau dai na ga takarda," in ji shi. "Sajan, tada mota."

Gidan ƙarami ne, mai ƙofar ƙarfe. A tsakar gida suka tarar da wani ƙaton saurayi cikin singileti, ya saɓo buhun siminti a kafaɗa yana hawa tsani.

Sajan ya raɗa wa Sufeto, "Wannan ne mai bakin mutuwar? To ni na riga na mutu ban sani ba."

Saurayin ya sauko yana goge hannu a wando.

"Ka je gwajin jini jiya?"

"Na je, yallaɓai."

"Wa ya cika maka fom?"

"Wata ma'aikaciya ce a can."

"Ka san ta?"

"Ban san kowa a asibitin ba."

"Lambar wayar da ke jiki ta wace ce?"

Ƙofar falo a buɗe take, labule ya ɗage. A bango akwai babban hoto, shi sanye da rigar kammala karatu, kusa da shi wata mata cikin fararen kayan nas ta riƙe hannunsa tana dariya.

"Ita ma ba ka san ta ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Mahaifiyata ce."

"Me ya sa ka ɓoye?"

"Ita ta ce ko an tambaye ni kada in ce muna da dangantaka." Ya share gumin goshinsa. "Ina da ciwon hanta, yallaɓai, tun haihuwa. Ba ya damuna, amma duk inda na nemi aiki, da an zo gwajin jini shi ke nan. Ta ce wannan karon in miƙa hannu kawai in tafi, za ta san abin yi. Ban tambaye ta ba. Wani abu ya faru ne?"

Sufeto ya ce masa ya sa riga ya bi su ofis ya ba da bayani.

Rana ta karkata lokacin da suka koma asibiti. Mama tana ƙaramin ofishinta tana jera magunguna a kabad. Sufeto ya rufe ƙofa, ya ajiye fom ɗin saurayin a gabanta, ya ɗora kwalabe biyu a kai.

"Rubutun wa ne wannan?"

Ta kalla. "Nas da yawa suna rubutu haka."

"A asibitin nan? Na yini ina karanta rubutunku. Mutum ɗaya ce take cika gurbi, kuma da bakinta ta faɗa min." Ya zaro wayarsa. "In kira lambar da ke jiki, ko za ki hutar da ni?"

Ta zauna a hankali.

"Yana ina?"

"Ɗanki yana ofishinmu. Ya faɗi abin da ya sani."

"Bai san komai ba. Ku bar min shi." Ta haɗa hannuwanta a cinya. "A cikina ya ɗauko ciwon nan. Ni na ba shi. Shi ya sa ban iya sa nawa jinin a madadin nasa ba. Yaro ya yi karatu, ya fi abokansa ƙoƙari, suna ta wucewa suna barinsa a gida yana dakon siminti. Kwana nake ina jin sa yana juyi a ɗaki."

"Sai kika je lab."

"Na tsaya nesa har wakilin kamfanin ya tafi. Yarinyar da ke tsaron kantar ta shiga ciki amsa waya. Na duba tire, na nemi kwalba mai murfi irin tasa. Na ga wata da fom ɗinta ba komai, ba ɗaki, ba ciwo, ba alamar gaggawa. Na ce wannan na mai zazzaɓi ne da ya zo ya tafi gida, ko an ba shi sakamakon wani ba abin da zai same shi. Na musanya filastar." Hawaye ya zubo mata. "Da an rubuta ƙarin jini a takardar nan, kalma biyu kawai, wallahi da ban taɓa ta ba."

"Wannan na likita ne, kuma zai amsa nasa. Ni naki nake tambaya. Da aka kawo ledar ɗakinki, kin ga sunan?"

Ta kawar da kai.

"Mama, kin ga sunan?"

"Na gani."

"Kin tuna shi?"

"Gabana ya faɗi. Na tsaya da ledar a hannuna. Na ce wa kaina masu sunan nan sun fi a ƙirga, ba lallai shi ba ne. In na ce a sake gwaji, za a tambaye ni dalili. In na faɗi dalili, aikina ya tafi, na yarona ya tafi." Ta rufe fuska. "Na rataya. Da hannuna na buɗe masa. Da ya fara rawar sanyi na cire, amma ya riga ya shiga."

Sufeto ya tattara fom ɗin da kwalaben. Haushin da ya yini da shi ya rasa inda zai sauke shi.

"Kamfanin ma ba za su ɗauke shi ba," in ji shi a ƙarshe. "Jinin da kika zaɓa masa na mutumin da ya kusa ƙarewa ne. Lab ya riƙe sakamakon."

Ta gyaɗa kai. "Na sani. Ni na ɗauki wayar."

"Tashi mu tafi."

Sajan ya zaro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai. Mama ta cire biron aljihunta ta ajiye a tebur, ta miƙa wa wata ƙaramar nas makullin kabad, ta ce mata tsohon da ke gadon taga ruwansa ya kusa ƙarewa, a canza masa.

Suka fito baranda, ita a tsakiya. Ma'aikata suka dare gefe suna kallo.

A kan bencin bakin ƙofa matar kafinta take zaune, tun da ta bar ofishin Sufeto tana jiran a ba ta gawar mijinta. Tana ganin Mama ta miƙe da sauri ta kama hannunta da hannu biyu.

"Mama, tun ɗazu nake cigiyarki. Jiya ban samu na yi miki godiya ba. Kowa ya watse ya bar ni, ke kaɗai kika tsaya a kansa har ya cika, ke kika rufe masa ido. Allah ya saka miki, ya raya miki 'ya'yanki."

Mama ta kasa ɗaga kai.

Matar ta dubi Sajan, ta dubi Sufeto, ta sake duban Mama. Ta saki hannun Mama a hankali.

"Ina za ku kai ta?"

"Sajan, wuce da ita mota," in ji Sufeto.

Ya tsaya har suka sha kwana. Sannan ya cire hularsa ya zauna a bakin bencin.

"Zauna, baiwar Allah," ya ce mata. "Kin tambaye ni su wa. Zan faɗa miki, amma sai kin zauna."